Yadda Ake Dasa Lemo Daga Yankakken Reshe a Gida

Wanda ya taɓa shuka ƙwayar lemo ya zauna jiran 'ya'ya ya san zafin jira. Bishiya ta tashi, ta yi ƙaya zaƙo-zaƙo, ta zarce tsayin mutum, amma fure shiru: shekara 5, shekara 7, wani lokaci har 10. Ba ciwo ne ke damunta ba, ƙuruciya ce. Lemon da ya tsiro daga ƙwaya sai ya cinye shekarun yarintarsa kafin ya soma haihuwa. Reshen da aka yanko daga bishiyar da ta riga ta fara 'ya'ya kuwa ya ƙetare wannan zango tun yana jikin uwarsa. Muddin ya yi saiwa, yakan yi fure cikin shekara 2 zuwa 3, kuma 'ya'yansa na uwar ne sak, ɗanɗano da girma da kaurin ɓawo.

Sai dai ba kowane lemo ne ke amsa wannan hanya da sauƙi ba. Lemun tsami, ƙaraminsa da babbansa mai rawayan ɓawo, shi ne mai sauƙin kai, yakan fid da saiwa cikin mako 4 zuwa 8. Lemun zaƙi da tanjarin da garehul suna da taurin kai. Sukan kai wata 3, kuma da yawa daga cikin rassan su mutu a hanya. Shi ya sa masu manyan gonakin lemo suka fi dogara da aure, wato ɗora idon iri mai kyau, ɗan ƙullin nan na jikin reshe da tofo ke fitowa daga cikinsa, a kan dashen da saiwarsa ke da ƙarfi. In wannan ne gwajinka na farko, fara da lemun tsami. Kuma kada ka yanko reshe ɗaya tak ka ɗora masa dukan burinka. Yanko 8 ko 10, domin ko ƙwararre ba duka ke kama masa ba.

Uwar da za a yanko reshe a jikinta

Nan ne na fi so mu tsaya, don nan ne aka fi yin sakaci. Reshe ba ɗan bishiya ba ne kamar yadda ƙwaya take. Shi ɗin bishiyar ce da kanta, an dai raba ta biyu. Duk abin da ke yawo a jikin uwa yana cikin reshen, alheri ko cuta. Mafi yawan cututtukan lemo masu bin ruwan jiki ba sa shiga ƙwaya, amma reshe kam suna bin sa duk inda aka kai shi.

Tarihi ya nuna haka. A 1908 wani mai tattara tsirrai, Frank Meyer, ya ɗauko wani irin lemun tsami daga Bejin ta ƙasar Sin ya kai Amurka. Lemon ya karɓu, ga shi da saurin yin saiwa daga reshe, aka yi ta yaɗa shi gida-gida. A shekarun 1940 aka gano yawancin bishiyoyin suna ɗauke da cutar tiristeza ba tare da sun nuna wata alama ba, cutar da ta hallaka miliyoyin bishiyoyin lemo a Barazil da Ajantina. Dole aka tumɓuke da yawa, sai a 1975 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da irin da aka tabbatar ba ya ɗauke da ita.

Akwai kuma cutar da ake kira HLB, wadda har yau ba ta da magani. An gano ta shiga jihar Fulorida ta Amurka a 2005, ta kuma durƙusar da noman lemo a can. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan tofo ne ke yaɗa ta, haka ma reshe da ido. Alamarta a ganye ita ce rawaya dabbare-dabbare wadda ba ta daidaita ba: ka dubi jijiyar tsakiyar ganye, sai ka ga zanen gefen dama daban, na hagu daban. Rawayar ƙarancin abinci takan zo iri ɗaya a gefen biyu. 'Ya'yan bishiyar da ta kamu sukan fito ƙanana, a karkace, da ɗaci. Ka ga haka, ka bar bishiyar ko da ta wane ce. Saboda irin waɗannan cututtuka ne ƙasashe da dama suka hana ɗaukar reshen lemo daga wani yanki zuwa wani, don haka in za ka tsallaka iyaka da shi, ka bincika dokar wurin tukuna.

To wace bishiya za ka zaɓa? Wadda ka san ta, ka ɗanɗani 'ya'yanta, ka ga tana haihuwa shekara bayan shekara, ganyenta kore shar, gindinta ba ya zubar da ƙaro, ɓawonta bai tsattsage ba. In 'yar aure ce, lura da kyau: a ƙasa-ƙasan gindin akwai wani ɗan kumburi ko lanƙwasa, nan ne mahaɗar auren. Duk tofon da ya fito daga ƙasan wannan mahaɗa ba na irin da kake so ba ne, na dashen gindi ne, kuma 'ya'yansa sau da yawa ba sa ciwuwa. Yanko daga can sama, a rassan da ka ga sun taɓa ɗaukar 'ya'ya.

Wane reshe, kuma yaushe

Lemo yana yin tofo zango-zango, ya tofo, ya huta, ya sake. Sabon tofo yana da laushi, launinsa kore mai haske, kuma in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa-kusurwa, ba a mulmule yake ba. Wannan bai nuna ba, zai yi yaushi ya ruɓe. Tsohon reshe mai ɓawo toka-toka kuma ya ƙeƙashe, saiwa ba ta fita a jikinsa da wuri. Wanda kake nema yana tsakani: ya fara zama mulmulalle, har yanzu kore ne, ganyensa ya gama buɗewa ya yi kauri ya yi duhu, in ka lanƙwasa shi yana turjewa amma bai karye nan take ba. Kaurinsa kamar fensir ko ƙasa da haka kaɗan. Ka guji dogayen rassan nan masu miƙewa sama ɗoɗar daga tsakiyar bishiya da manyan ƙayoyi, da wanda ke ɗauke da fure ko 'ya'ya a lokacin.

Lokacin da ya dace shi ne na ɗumi mai laima. Saiwar lemo takan tsaya cik in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, tana kuma fi son ƙasar da ɗuminta ke tsakanin 24 da 28. A ƙasashe masu sanyi hakan na nufin bayan sanyi ya wuce sosai. A ƙasashe masu zafi kuwa damina ta fi, ba lokacin busasshiyar iska ko tsananin rana ba.

Shirya mazauni kafin yanka

Reshe yana fara rasa ruwa daga lokacin da ya rabu da uwarsa, saboda haka komai ya zama a shirye kafin wuƙa ta taɓa bishiya.

Abin da za a dasa shi a ciki ba ƙasar lambu ba ce, ba kuma taki ba. Wannan yakan ba mutane mamaki, don an saba ganin ƙasa mai taki ita ce gata. Amma reshen da ba shi da saiwa ba ya cin abinci daga ƙasa. Abin da gindinsa ke bukata shi ne danshi da iska a tare. Ƙasa mai laka tana toshe iskar, taki kuma yana kawo ƙwayoyin ruɓa kai tsaye zuwa ga ɗanyen rauni. Nemi yashi mai manyan ƙwayoyi, ka wanke shi har ruwan ya fito garau, ka kwarara masa tafasasshen ruwa, ka bar shi ya huce. Gauraya shi rabi da rabi da niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, ko da farin dutsen nan marar nauyi da ake kira falayit. In babu ko ɗaya, yashin kaɗai ma yana yi, sai dai yana saurin bushewa. Jiƙa haɗin, ka damƙa a hannu ka matse: in ruwa ya tsiyayo, ya yi yawa, in ya dunƙule ya bar maka sanyi a tafin hannu da ɗigo ɗaya ko biyu, ya yi daidai.

Mazubi kuwa ƙarami ya fi, mai zurfin santimita 10 zuwa 12, da huji da yawa a ƙasa. Ni na fi son kofin roba mai garai-garai, reshe ɗaya kofi ɗaya, domin ranar da saiwa ta fito za ka gan ta ta jikin kofin ba tare da ka taɓa komai ba.

Wuƙa ko almakashi su kasance masu kaifi ƙwarai. Dakusasshen ƙarfe yana murƙushe nama maimakon ya yanka, murƙusasshen wuri kuwa nan ruɓa ke farawa. Tsoma kaifin cikin ruwan bilic, kashi 1 na bilic da kashi 9 na ruwa, kafin ka fara da kuma duk lokacin da za ka koma wata bishiya. Akwai cututtukan lemo masu bin kaifin wuƙa waɗanda sifirit ba ya kashewa, amma bilic yana yi. In ka gama ka ɗauraye ka goge, don yana sa tsatsa.

Yanka da gyara

Shayar da uwar tun jiya da yamma, ka yi yankan da sassafe lokacin da rassa ke cike da ruwa. Kowane ka yanko, jefa shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle ko leda, ka kai inuwa.

Tsayin kowane yanki santimita 12 zuwa 15, da gaɓa 4 ko 5. Gaɓa ita ce wurin da ganye ya fito, kuma a hammatar ganyen ne ido yake. Yankan ƙasa ya zama dab da ƙarƙashin gaɓa, don a wajen ne saiwa ta fi saurin fitowa. Na sama kuma ɗan sama da gaɓa. In ka raba dogon reshe gida biyu ko uku, kada sama da ƙasa su rikice maka, domin reshen da aka dasa a kife ba zai yi ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka riƙa yanka gindi a karkace, kai kuma a miƙe.

Cire ganyen ƙasa duka, ka datse ƙayoyi, ka bar ganye 2 ko 3 a sama, sannan ka yanke rabin kowanne. Akwai dalili a nan. Ta ganye ruwa ke fita, don haka barin su duka zai busar da reshen kafin ya yi saiwa. Amma kuma ganyen ne ke haɗa abinci da sinadarin da ke gangarowa gindi ya ta da saiwa, shi ya sa reshen lemon da aka yi wa tsirara da wuya ya kama. Rabin ganye shi ne sulhu tsakanin buƙatun biyu.

Daga nan ka ɗan kankare ɓawon gefe ɗaya na gindin, tsawon santimita 1 zuwa 2, sama-sama, har koren da ke ƙarƙashi ya bayyana. In kana da garin sa saiwa, wanda sinadarin cikinsa ake kira IBA, mai ƙarfin kashi 0.3 cikin 100 ya wadatar. Zuba kaɗan a murfi, ka dangwala gindin, ka kaɗe abin da ya yi yawa, ka zubar da ragowar maimakon mayar da ita cikin kwalba. Laftawa ba ta ƙara komai, tana ma iya ƙona gindin. Lemun tsami yana iya yi ko babu garin, lemun zaƙi ne ke matuƙar bukatarsa. Za ka ji ana cewa zuma ko kirfa suna maye gurbinsa. A ganina iyakarsu su ɗan kare rauni, ba sa ta da saiwa. Haka ma tsoma reshe a kofin ruwa: yana yi wa wasu tsirrai, amma lemo ya fi ruɓewa a ciki.

Huda rami da fensir, ka sa reshen zurfin santimita 4 zuwa 5, yadda aƙalla gaɓa ɗaya ko biyu za su nutse. Kada ka soka shi da ƙarfi, garin zai goge. Danna haɗin a kewayensa ya tsaya daram, ka zuba ruwa sau ɗaya ya tsiyaye.

Rufi da jira

Duk aikin makonnin da ke tafe a kan abu ɗaya yake: laima a sama, iska a ƙasa. Ganye na son iskar da ke kewaye da shi ta cika da danshi don kada ya yi asarar ruwa, gindi kuma na son yashin da bai jiƙe sharkaf ba don ya yi numfashi. Mafi yawan rassan da ke mutuwa a gida ba ƙishirwa ce ke kashe su ba, yawan ban ruwa ne. Mutum ya ga ganye ya ɗan langaɓe, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Alhali reshen ba shi da bakin shan ruwan, sai gindin ya nutse ya baƙanta.

Yanke gindin babbar gorar roba ka kifa a kan kofin, ko ka rufe da farar leda mai garai-garai, ka kafa 'yan tsinke don kada ta kwanta a kan ganye. Ajiye a wuri mai haske sosai amma wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, kamar ƙarƙashin inuwar bishiya ko gefen taga. Rana ta sa'a ɗaya a kan rufaffiyar leda ta isa ta dafa reshen. Duhu kuma yana hana ganye aikinsa.

Gumin da ke jikin rufin shi ne ma'auninka. In da safe ka ga raɓa-raɓa a ciki, lafiya lau, kada ka ƙara ruwa. In ya bushe ƙarau, fesa ruwa kaɗan a ganye da jikin rufin, ka taɓa yashin da yatsa. Sai ka ji ya fara bushewa za ka zuba. In ruwa na gangarowa yana ɗiga a kan ganye, ya yi yawa, buɗe murfin gorar. Duk bayan kwana 2 ko 3 ka ɗaga rufin na 'yan mintoci iska ta sauya, ka tsince duk ganyen da ya faɗi kafin fumfuna ta kama shi.

Wajen mako na 2 zuwa na 3 gindin yakan yi wani farin kumburi gurɗa-gurɗa. Warkewar rauni ce, alama ce mai kyau, amma ba saiwa ba ce tukuna. Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne sabon tofo. Reshe yana iya fid da ganye, har da fure, da abincin da ya taho da shi daga uwa, alhali ƙasa babu ko zare ɗaya. Mai shi ya yi murna ya cire rufi, kwana biyu ya tarar da shi a bushe. Ka ga tofo, ka bar rufi a inda yake. Ka ga fure, ka tsinke shi.

Kuma don Allah kada ka riƙa tumɓuke shi kana leƙe. Sabuwar saiwar lemo fara ce, mai gautsi, taɓawa kaɗan take karyewa. Garin neman gira sai a rasa ido. Jira har mako 6, ka duba jikin kofi ko hujin ƙasa. In ba ka ga komai ba, ja reshen a hankali da yatsu biyu: in ka ji yana riƙewa, saiwa ta fara, sake shi. In bai riƙe ba amma har yanzu kore ne, ba shi lokaci. Wanda baƙi ya taso masa daga gindi ya ruɓe, cire shi, ka rage ruwa ga sauran. Wanda ya yamutse daga sama ya koma ruwan ƙasa, bushewa ce, rufinka na zubar da laima ko wurin ya cika zafi.

Yaye da dashe

Reshen da ya yi makonni cikin laima ba zai jure iskar waje farat ɗaya ba. Yaye shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14: fara da cire murfin gora ko huda ledar, sai ɗaga rufin na sa'a ɗaya, gobe biyu, har ya wuni ya kwana a buɗe ganye bai langaɓe ba. In ya langaɓe, koma baya da mataki ɗaya.

Idan saiwoyi sun kai santimita 3 zuwa 5 suna rarrabuwa, mayar da shi mazubi mafi girma kaɗan, mai ƙasa marar riƙe ruwa haɗe da ruɓaɓɓen takin da ya huce sarai. Kifa kofin a tafin hannu ka fito da shi da yashinsa gaba ɗaya. Bayan mako 2 ko 3 ka fara ba shi takin ruwa mai rauni, kwatan abin da aka rubuta a jikin mazubin takin, ka kuma riƙa matso da shi rana kaɗan-kaɗan, ta safe tukuna. In sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore, yawanci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda yawan ruwa ko ƙasa mai farar ƙasa ke jawowa. Bar shi a mazubi wata 6 zuwa shekara, har ya kai kamar rabin mita.

Akwai gaskiyar da ya kamata ka sani kafin ka kai shi mazauninsa na dindindin. Lemon da ya fito daga reshe ba shi da doguwar saiwar tsakiya irin ta na ƙwaya. Saiwoyinsa a bazu suke kusa da sama. Don haka iska mai ƙarfi na iya karkatar da shi, fari kuma yana saurin taɓa shi. Kafa masa sanda a shekarar farko, ka riƙa ba shi ruwa mai ratsawa ƙasa sosai sannan ka bari saman ya sha iska kafin ka sake. Lemon reshe kuma ba shi da kariyar da ɗan aure ke samu daga dashen gindinsa, musamman daga ruɓar gindi mai sa ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro. Maganin wannan rigakafi ne: dasa shi daidai zurfin da yake a mazubi ko ɗan sama, kada ƙasa ta rufe wuyansa, in wurin na kwantar da ruwa, yi masa tudu, taki da ciyawar rufi su tsaya tazarar tafin hannu daga gindi, ruwa kuma a zuba a kewaye, ba a jikin itacen ba. A babban mazubi kuwa wannan irin lemo yana jin daɗi ƙwarai, don bai cika yin tsawo ba.

Da ya kai santimita 50 zuwa 60, datse kansa, ka zaɓi rassa 3 ko 4 masu fuskantar ɓangarori daban-daban su zama ginshiƙansa. Furen shekarar farko a tsinke shi, duk da na san hannu ba ya son yi. Ƙaramar bishiyar da aka bari ta goyi 'ya'ya takan tsumbure.

In kuwa lemun zaƙi ko tanjarin kake so, ka gwada ya ƙi, akwai 'yar'uwar wannan hanya wadda ta fi tabbas, wato sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwa. Zaɓi reshe mai kaurin yatsa, ka zare ɓawonsa zobe guda mai faɗin santimita 2 zuwa 3, ka kankare santsin da ke kan itacen don kada ɓawon ya sake haɗewa. Shafa garin sa saiwa a bakin yankan na sama, ka dunƙula jiƙaƙƙen zaren kwakwa a wurin, ka naɗe da leda, ka ɗaure sama da ƙasa tam yadda ruwan sama ba zai shiga ba. Uwar za ta ci gaba da shayar da shi. Bayan wata 2 zuwa 3, in ka ga saiwoyi sun cika ledar, yanke reshen daga ƙasan ƙullin, ka kwance ledar ba tare da ka wargaza dunƙulen ba, ka rage kusan rabin ganyensa, ka dasa a mazubi, ka ajiye a inuwa mako 2 zuwa 3 kafin ya fara ganin rana.